Tsakin Tama a Cikin Burgami

Ana sallame sallar asuba muka bar Haɗeja, mu uku da jaki guda: ni, da taubashina, da wani mai fataucin bandar kifi wanda ya san hanyar Baturiya tun kafin a yi mini kaciya. Su biyun kifi ya fito da su. Ni kuwa abin kunya na rataya a kafaɗa cikin burgami.

Ga yadda abin yake. A gidanmu na maƙera ba a bar wa ɗa uwar maƙera, ƙarfen da ake bugu a kai, sai ya ƙera masabarsa, wato gudumar aikinsa, daga tamar gida. Tun da jirgin ƙasa ya fara bi ta Malam Madori, tsohon ƙarfen Nasara ya cika kasuwa, aka daina narka tama. Dunƙule ɗaya ya rage daga narkin kakana, Baba ya miƙo mini shi. Na sa a wuta, na zare, na ɗaga hannu da ƙarfin samartaka na sauke masa. Ya tarwatse ya zama tsaki. Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai da na tsince tsakin kaf ya ce in kai shi wajen Baba Modu, wanda suka koyi ƙira tare, a wani ƙauye gaba da Baturiya. In aka sake ɓata wannan, shi ke nan, zan tsufa ina yi wa wani zuga.

Kaka ce, amma ruwa bai gama janyewa daga fadama ba. Hanya ta yi ta wasa da mu, nan tudu, can taɓo har gwiwa. Jakin ya fi mu hankali, inda ya ƙi takawa muka dage, sai ga taubashina ya nutse har ƙugu yana salati. Shinkafa ta nuna ko'ina, mata da maza na kan rumfuna suna korar tsuntsaye da ihu. Kirinjijiya kuwa, agwagwar fadamar nan, in ta tashi sai ka ɗauka hadari ne ya haɗo. Da hantsi muka sha furar gero wajen wata Bafillatana, ta anini biyu ta ƙosar da mu, abin da a birni ba ka isa ba.

Mashigin ruwa ne ya tona mini asiri. 'Yan fito suka kawo manyan gorunan da ake kifa ciki a kai a haye, aka ce kowa ya ɗora kayansa. Na ƙi sakin burgamin, na ɗaure shi a ka da rawani. Taubashina ya shaida wa duk wanda ke bakin ruwa cewa sadakin aljana na ɗauko. Na sha ruwan kogi ya fi ƙwarya guda, amma tsakina ya haye a bushe, jakin ma ya biyo mu da iyo yana huci.

Bayan la'asar muka isa. Baba Modu ɗan guntun tsoho ne, Hausarsa da ɗan gishirin Barbarci, haƙoransa uku, kuma yana ji da su. Ya zazzage burgamin a faifai, ya tona da yatsa, ya dube ni.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Madalla. Ubanka ma haka ya yi, sai dai nasa bai kai wannan laushi ba."

Ban taɓa jin wannan labari ba, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka, tarwaɗa a ciki ta fi kukar yawa, na ci har na ji kunya.

Washegari na shirya wa wuta, sai tsohon ya ja ni wani sabon zaure inda tsofaffin matan ƙauyen ke daɓe. Ya ce in zauna in kalla. Na zauna ina cika ina batsewa, na taso daga birni an sa ni kallon aikin mata. Amma da ido ya gaji da fushi sai ya fara gani. Ba su fara da ƙarfi ba. Sun yayyafa ruwa, suna ɗan taɓa ƙasar da madaɓi a hankali har tsakuwa ta sami wurin kwanciya, sannan waƙa ta yi zafi, bugu ya bi ta. Wata tsohuwa ta miƙo mini madaɓi, na kai bugu ɗaya, ƙasa ta fantsamo mini a fuska. Ta ce, "Ɗan nan, da wa kake faɗa?" Zauren ya ɗauki shewa.

Sai da azahar muka shiga maƙera. Ya sa na ƙulle tsakin a tsumma, na shafe shi da laka mai kauri, muka binne a gawayin ƙirya. Taubashina ya kama zugazugi don dole, gumi ya kashe masa baki. Da ƙullin ya yi fari yana tartsatsi, na zaro shi da awartaki. Na miƙa hannu ga masaba, tsohon ya take ta da ƙafa, ya ba ni gudumar itace.

"Lallashe shi tukuna. Bugu tafiya yake yi a cikin ƙarfe. In ya tarar da rami a hanya, nan zai tsaya ya yi ɓarna."

Na fara taɓawa kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar suruki. Laka ta zube, ƙazantar ƙarfe ta tsiyaye, ƙullin na shigewa cikin kansa. Sau biyar muna komawa wuta kafin ya ɗage ƙafarsa daga kan masabar. Daga nan sautin ya canza, ya bar ɓus-ɓus ya koma ƙarau. Kwana biyu muka yi a kai. Da sabuwar masabata ta huce, tsohon ya dafa bakinta ɗaya a haƙorinsa na gaba, ya sa na ƙwanƙwasa ɗaya bakin. Ya lumshe ido, ya ce bugun ya iso masa har ƙeya, babu inda ya tsaya. Wallahi sai da na juya baya na share ido, na ce hayaƙi ne.

Komawa ba ta yi wuya ba. Jakin ya sha lodin banda, ƙuda na yi mana rakiya tun daga Baturiya. Abin da ya dame ni ɗaya ne: kusan rabin tamar wuta ta cinye, masabar ta fito 'yar ƙarama. Taubashina ya ce ta yi kyau da fasa goruba. A hanyar nan na yi ta tunanin yadda na ɗauka ƙira ƙarfin damtse ce, alhali abin da ya watse sai an bi shi a hankali yake haɗuwa, kuma tsofaffin mata ne suka fara nuna mini.

Mun shiga gari da yamma, na tarar da Baba a kan buzunsa gaban uwar maƙera, inda yake zama tun ban san kaina ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masabar a gabansa. Ya juya ta, ya auna ta a tafin hannu, ya bi jikinta da babban yatsa har ya tsaya a wani ɗan tudu.

"Nan ka yi gaggawa."

"Haka ne, Baba."

Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya kakkaɓe buzun, ya zagaya bayan zugazugi ya zauna a ƙasa, wurin da na shekara goma sha ina zama.

"To, me kake jira?" in ji shi. "Zauna mana. Akwai laujen mutane a wuta."