Kwaɗon Shafin Doña Eduviges

Doña Eduviges Barahona ta fi shekara talatin tana gasa roskiya, 'yan zoben biskit na masara da cuku, a bayan gidanta, a gangaren da ke ƙasa da cocin Sabanagrande. Garin masara, cuku, itace da tandar ƙasa, rayuwarta ke nan. Gajeriya ce mai faɗa, hannuwanta duk tabon ƙuna. In ka ce roskiyarta ta yi tauri, sai ta ce haƙoranka ne suka tsufa. Ni Tulio, shagon intanet gare ni kusa da kasuwa, kwamfutoci huɗu, biyu na aiki in sun ga dama. Ni na riƙe ɗanta Nahún a coci ranar baftismarsa, shi ya sa nake ce mata komadre, ita kuma ta ce mini kompadre, ko da muna tsakiyar zagin juna.

A shagona Nahún ya koyi kwamfuta, har ya fi ni, abin da ban taɓa yarda da shi a gabansa ba. Da ya girma ya ga masu tsayawa saye a bakin titi sun ragu, sai ya buɗe wa uwarsa shafi a intanet. Mutanenmu da ke aiki a arewa, can Amurka, su ne suka rungumi abin. Mutum yana Houston zai shiga shafin, ya biya da kati, masu kai saƙo su kai masa roskiyar garinsu har ƙofa. Tandar da ake hura wa wuta sau biyu a mako ta koma kullum. Ƙanwarsa Dilcia ta bar wankau a gidajen mutane ta dawo kwaɓa gari tare da uwarta.

Shafin da ake saka lambar kati ba ya tafiya sai da satifiket ɗin tsaro. Shi ne ke sa ɗan kwaɗon nan ya fito a gefen adireshi, mai saye ya san ba ɓarayi ne ke karanta lambarsa ba. Ina nan ranar da Nahún ya saka shi, ana gobe zai tafi arewa shi ma. Uwar tana tsaye a bayansa da gari a goshi.

"Wannan ɗan kwaɗon fa, me yake kullewa?"

"Ƙofar shagonki, Mamá. Kin ga in kin danna shi, ga kwanan wata nan. Duk wata uku sai an sabunta, in ba haka ba ya mutu."

"To wa zai riƙa sabuntawa in ka tafi? Wannan kompadren da ko fankar shagonsa ya kasa gyarawa?"

"Ni mana," in ji Nahún yana dariya. "Ko ina nake, da waya zan yi. In kin ga kwanan wata ya canja, ki ce Nahún ya gaishe ki."

Wasa yake yi, irin na ɗa da uwa. Tana fita ya ba ni kalmar sirrin shafin, ya ce, "Padrino, na saita shi yana sabunta kansa. Ba sai ka taɓa komai ba." Haka yake kirana, padrino, uban baftisma.

Ya kira daga Meziko sau biyu ko uku. Kiran ƙarshe ya ce sun kusa kogi, gobe za su tsallaka. Daga nan shiru. Aka nemi mutumin da ya jagorance su, lambarsa ta daina shiga. Aka kai hotonsa duk inda ake kaiwa. Shiru.

Wata safiya sai ga komadre a shagona, ko gaisuwa babu. Ta ce in buɗe shafin in danna kwaɗon. Na danna. Kwanan wata ya canja. Ta lalubi kujera ta zauna, ta rufe fuska da atamfar aikinta.

"Yana da rai, kompadre. Ya gaishe ni."

Na ce, "Komadre, inji ne. Shi da kansa ya gaya mini ya saita abin ya riƙa yi da kansa."

"Ni kuma da bakinsa ya ce mini shi zai yi. Kai ka haife shi ko ni?"

Na yi bayani ranar, na sake yi bayan wata uku, na zana mata a takarda, na kira malamin makaranta ya gaya mata. Ta ce dukanmu ba mu san Nahún ba. Wataƙila yana tsare a wani wuri da ba a barin kira, amma yana samun waya ya yi wannan kaɗai. Da na matsa, ta ce in ban iya faɗin alheri ba in rufe bakina. Na rufe.

A wurinmu in mutum ya mutu ana yi masa addu'ar kwana tara a gida, a shimfiɗa farin zane a tebur, a ɗora hotonsa da kyandir, maƙwabta su zo a sha kofi da burodi. Da shekaru suka ja, fadan cocinmu ya je har gida ya lallaɓa ta a yi wa Nahún. Ta kore shi da ludayin kwaɓa gari. Maimakon haka, duk lokacin da kwanan watan kwaɗon ya canja, sai ta cika kwando da roskiya ta bi unguwa tana rabawa, wai ɗanta ya aiko gaisuwa. Kowa ya san gaskiya, kowa ya karɓa ya ci. Ni ma na ci.

A shekara ta biyar kwaɗon ya ɓace. Duk wanda ya buɗe shafin sai ya ga jan gargaɗi ya cika fuskar waya, wai wannan wuri ba amintacce ba ne, a koma baya. Wa zai saka katinsa a nan? Wata mata ta kira daga arewa tana tambaya ko ɓarayi ne suka ƙwace shafin. Odar da ke shigowa kullum ta tsaya cak.

Na bincika. Kamfanin da ke ba shafin masauki ne ya kwashe shafuka zuwa sabon inji, saitin Nahún bai bi su ba. Aiki ne da zan iya gamawa kafin kofi ya huce. Na gangara gidanta da murnata na ce yau zan gyara.

"Ka taɓa shi in karya maka hannu," in ji ta. Ba wasa a fuskarta. "In kai ka saka naka, ta yaya zan gane ranar da ya saka nasa? Wataƙila ba shi da lafiya. Wataƙila sun ƙwace wayar. A bar masa ƙofarsa."

"Haba komadre, tanda fa ta mutu!"

"Tandarka ce?"

Na yi tunanin in saka a ɓoye, ta wayi gari ta ga kwaɗo, ta cika kwando. Allah ya sani na buɗe shafin da wannan niyya ba sau ɗaya ba. Amma a da inji ne ke ruɗinta, yanzu kuma ni ne zan zama Nahún, duk wata uku, har ɗayanmu ya mutu. Na kasa.

Damina ta shigo ta wuce, jan gargaɗi na nan. Kullum da safe ta hawo shagona, ta duba, ta juya. Ta rame har rigarta na yawo a jikinta. Masu saye suka koma wurin wasu, garin nan ba ita kaɗai ke gasa roskiya ba. Dilcia ta koma neman wankau, ba ta samu ba. Wata rana na je kai musu saƙo, na tarar da jakar goyo a kan gado da sabon takalmin tafiya a gefenta, uwa da 'ya suna ta cacar baki.

"Na riga na yi magana da mai kai mutane," in ji Dilcia. "Ranar Asabar. Me zan zauna yi a nan, Mamá? In ci toka?"

"Ba inda za ki!"

"To ki bar padrinon Nahún ya gyara shafin! Shekara biyar kina hira da kwaɗo, ni da ke gabanki da raina ko kallo ban ishe ki ba."

Uwar ta ɗaga hannu kamar za ta mare ta, sai hannun ya sauka da kansa. Na ajiye saƙon na fita.

Washegari tun ban gama share shago ba ta shigo, ta ja kujera kusa da ni. Ta ce, "Nuna mini yadda ake yi."

Na buɗe. Na ce iri biyu ne za su yi mata. Akwai na kyauta, irin wanda Nahún ya saka, mai sabunta kansa. Akwai na saye, wanda sai mutum ya zauna ya sabunta shi da hannunsa duk shekara.

"Irin wanda ya saka," ta maimaita a hankali. "Mai yi da kansa."

"Shi ne, komadre."

Ta daɗe tana kallon kwamfutar.

"Saka shi," in ji ta. "Na gaji da jiran hannun mutum."

Na saka. Jan ya tafi, ɗan kwaɗon ya dawo wurinsa. Na kai hannu zan danna mata shi ta ga kwanan wata kamar yadda muka saba, ta riƙe mini wuyan hannu. Tafinta kaushi, da sanyi.

"Bar shi."

Ta miƙe, ta gyara atamfarta, ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo.

"Dilcia ta ce za ta ɗaga tafiyar ta ga ko masu saye za su dawo. Ɗagawa ta ce, ba fasawa ba." Ta dubi kujerun shagona ɗaya bayan ɗaya. "Waɗannan za ka ara mini su, kompadre, na kwana tara. Yau da yamma za mu fara. Kai ne padrinonsa, kai za ka kunna kyandir ɗin."