Mushe Tahiru da Gonar Aron Gwaggo Tchima

Shekara ashirin da bakwai ke nan, kafin rana ta yi zafi Mushe Tahiru, wato Malam Tahiru, ma'aikacin kula da itatuwa, ya ɗaure igiyar awo a bayan moto, babur ɗinsa, ya bar buro, ofishinsu, a Agiye ya nufi gonakin mutane. Yau Gazawa, jibi Gidan Rumji. Aikinsa binciken itatuwa: ya auna kaurin gawo, ya duba tohon kalgo, sannan ya zauna da masu gona. Kai, mutumin nan da tambaya! Har tsokanarsa ake yi wai ko kuka ya gani sai ya tambaye ta iyali.

A wani ƙauye kusa da Sae Sabuwa kowa ya karɓi sassabin zamani, wato a bar kututture ya yi toho, a rage masa rassa har ya zama itace. Gona ɗaya ce fayau kamar tafin hannu, ta Gwaggo Tchima, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Abokan aikin Tahiru suka ce a rubuta ba ta waye ba. Tahiru ya ce sai ya ji daga bakinta.

"Gwaggo, me ya sa kike sare tohon?"

"Ɗana, gonar aro ce," in ji ta. "A nan wanda ya raini itace a gonar wani, cewa ake yi gonar yake nema. Ran da Alhaji Garzali ya ga gawo ya kai ƙugu, ranar zai karɓe abinsa. Inuwa zan dafa wa yara?"

Sawu biyar Tahiru ya yi gidan Alhaji, mai gonar, kafin ya yarda su zauna gaban maigari. Aka tsayar da magana: ƙasa ta Alhaji ce, ganye da rassa na Gwaggo, kuma itace ba zai zama dalilin korarta ba. Alhaji ya ce, "Da ma tsorona kada gobe 'ya'yanta su ce gado ce. Tunda an faɗa gaban shaidu, ta bar itatuwan su girma."

Kai ne, Mushe, mai kunnen sauraron talaka. Bana ka ajiye aiki, kuma wallahi muna alfahari da kai. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu tasowa a wannan aiki, kafin ku rubuta jahilci a kan mutum, ku zauna ku tambaye shi.

Da labarin ajiye aikin Tahiru ya kai wa Gwaggo, tana sassabe ne a ƙarƙashin gawonta. Ta dogara da gatari ta ce, "Ku gaya wa ɗana har yau ina cikin gonar."