Saƙon da Ikrima Ya Haɗiye

Duk wanda ya taɓa shiga kara, kasuwar dabbobi, a Daura ya san Sada dillali, ko bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Dogo ne mai faɗin ƙirji, in ya damƙi hannun mai sa yana jijjigawa, to sai mutum ya ce "na sallama" don a sakar masa kafaɗa. Tun yana saurayi yake bin mahaifinsa Mai'Adua da Kongolam tarbar shanun da ke gangarowa daga Nijar, a nan ya yi gemu, a nan gemun ya yi furfura. Matarsa ɗaya tal, Haulatu. Abokai sun yi masa tsiya har bakinsu ya gaji, shi kuwa amsarsa kullum ita ce bai ga abin da ya rasa ba. Kuma ba cika baki yake yi ba, mutumin nan yana son matarsa, kowa a unguwa ya sani.

Da shekaru suka ja, sai fitsari ya fara yi masa gardama. Ya tsuguna ya daɗe, abu ɗis-ɗis. Ya sha saiwoyi, ya sha rubutu, har ranar da abin ya toshe ɗungurungum aka kwashe shi a mota yana salati. Daga Daura aka tura su wani asibiti a Kano. Can aka ce wani ƙullutu ne a ƙasan mafitsara, furostet suke kiransa, ya kumbura ya matse hanya, sai an yi aiki.

Wanda ya yi jinyarsa a can Ikrima ne, ɗansa na fari, malamin sakandare. To ga inda aka samu matsala. Likitan ba Bahaushe ba ne, Hausarsa ba ta wuce "sannu Baba" ba. Ranar sallama ya ja Ikrima gefe ya yi masa bayani da Turanci tiryan-tiryan: bayan irin wannan aiki ƙarfin namiji yakan kwanta, wani wata da watanni, wani har shekara ko fiye, wani ma ba ya dawowa kamar da. Ko ya dawo, maniyyi ba lallai ya fito yadda aka saba ba, kuma wannan ba wata cuta ba ce. Ya ce in Baba ya ga haka kada ya tsorata, ya dawo, akwai magani akwai shawara. Ya ce a tabbatar an faɗa masa.

A faɗa masa! Wa zai faɗa? Ɗan fari, wanda ubansa ko sunansa ba ya kamawa, sai dai "kai, yaron nan"? Ikrima da bai taɓa zama tabarma ɗaya da mahaifinsa ba, shi ne zai buɗe baki ya yi masa zancen shimfiɗa? Da Sada ya tambaye shi me likita ya ce, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ya ce a yawaita shan ruwa, ban da ɗaukar kaya mai nauyi." Sauran maganar ya haɗiye ta.

Bawan Allah, ya dai yi ƙoƙarinsa. Da suka dawo ya kwashe zancen ya faɗa wa matarsa Raihana, ya ce ta san yadda za ta yi ta sanar da Inna. Ita kuma Raihana ta dafe ƙirji ta ce ita da surukarta? Allah ya tsare ta. Abin da ta iya kawai, duk Juma'a ta dama kunun aya da dabino ta aika gidan, wai ko za a gane. Ba wanda ya gane komai. Haulatu ta riƙa sa mata albarka, tana cewa yarinyar nan akwai kirki.

Sada ya warke, fitsari ya saki, ya koma kara. Amma da ya nemi kansa a matsayin miji sai ya ji shiru. Ya ce gajiyar jinya ce. Ya sake, shiru. Shi kuwa mutumin dabbobi ne, da hannunsa ya riƙe bunsuru ba adadi ana dandaƙe su, ya san yadda taure yake komawa, ya yi ƙiba ya yi laushi ya daina kula awaki. Sai ya yanke wa kansa hukunci cewa abin da aka yi masa ke nan a Kano, an kwantar da shi an fiɗiye shi, an ɓoye masa don kada ya ƙi. Bai tambayi kowa ba. Wa zai tambaya, a kara da in ka yi tari da safe kafin azahar an ce tarin fuka gare ka? Ya saci jiki ya sayi wani ƙulli wajen masu maganin maza da ke ihu da lasifika a bakin iyakar Nijar, ya sha, zuciyarsa ta yi ta bugawa kamar za ta faso riga, ban da wannan bai ga komai ba.

Daga nan ya sa aka kai masa katifa shagon da ke jikin zaure, wai cikin gida zafi. Abinci ma can ake miƙa masa. In Haulatu ta zo gaishe shi, sai ya ɗauki rediyo ya hau murɗawa. Ba ƙin ta yake ba, wallahi kewarta ce ke cin sa. Yana jin tafiyarta a tsakar gida ya san ita ce. Ƙamshin turaren wutarta yakan biyo iska ya same shi a shago. Yana so ya shiga ya zauna bakin gadonta ko hira ce su yi, amma yana tsoron ta sa rai, ya kuma ba ta kunya. Da ya ga ta yi lalle sai ya kau da kai, ita kuwa ta ga ya kau da kai sai ta daina yi. Haka aka yi azumi, aka yi sallah, damina ta zo ta wuce.

Abin da ya ƙarasa shi wa'azi ne da ya ji bayan la'asar a masallacin unguwa, a kan haƙƙin mace a wuyan mijinta. Malamin bai san da shi ba, amma Sada ji ya yi kamar da sunansa ake kira. Ya auna ya auna, ya ga in dai tsoron Allah ne, to ya sake ta ta huta. Shi da ya ƙi yi mata abokiyar zama, yau shi ne zai fitar da ita da kansa.

Da hantsi ya shiga, gidan ba kowa sai Haulatu, tana zaune tana tankaɗen gari. Ya tsaya daga bakin rumfa kamar baƙo.

"Haule, ajiye rariyar nan, magana zan yi."

Ta ajiye.

"Aikin da aka yi min a Kano ya raba ni da abin da ake zama miji da shi. Na gwada, na sha magani, babu. Ba na son in tsaya gaban Allah da haƙƙinki. In kina so, zan sauwaƙe miki."

Ta dube shi, gari duk a hannunta. Sannan ta ce, "Wannan ne? Malam, wannan ne ya sa ka ƙaurace min tun kafin azumi?" Hawaye ya zubo mata, amma muryarta faɗa take yi. "Ni ina nan ina ta lissafin laifina. Na ce ko tsufana ka gani, na ce ko don na ga rauninka lokacin da nake zubar maka da robar fitsari shi ya sa ba ka son haɗa ido da ni. Har istigfari nake yi a kan abin da ban sani ba. Ashe kai kana can ka yanke hukunci kai kaɗai! Wa ya ce maka abin da na fi rasawa ke nan? Ni tarinka ma na rasa a ɗakin nan."

Sada, mai muryar da ke cika kara, ya sulale ya zauna a bakin rumfar.

"Kanon za mu koma," in ji ta. "Ni zan raka ka, ba yaron nan ba."

Suka koma. Wannan karon wani ma'aikacin jinya, dattijo Bahaushe, shi ya tsaya tafinta, Haulatu na zaune ta ja mayafi har goshi amma kunnenta a buɗe. Da Sada ya faɗi abin da yake zargi, likitan ya riƙe baki. Ya ce ba abin da aka cire masa na mazantaka, jijiyoyin wurin ne suka ji jiki. Ya ce ai duk ya yi wa ɗansa wannan bayani tun ranar sallama. Ran Sada ya ɓaci, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna shi da kansa ya reni yaron a kan wannan kunyar, ya rufe bakinsa. Likita ya rubuta magani, ya hana shi na bakin iyaka, ya ce akwai sa rai sosai, amma shi ba zai yi alkawari ba.

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta tsaya masa a rai. Suna tsaye a tasha suna jiran motar Daura ta cika, ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Haule, kin ji dai ya ce ba alkawari. In abin bai dawo ba fa?"

Ta gyara mayafinta ba ta ko dube shi ba.

"In bai dawo ba ya zauna can inda yake. Kai nake so ka dawo, Malam. Na gaji da zama gwauruwa mijina yana zaure."