Madubin da Papaw Estill Yake Ɓoyewa a Aljihu

Kakana Estill Gayheart ya yi shekara talatin da ɗoriya yana haƙar kwal a ƙarƙashin ƙasa, amma in ka shigo kwarinmu na Caney ka tambayi wane ne shi, ba wanda zai ambaci kwal. Ce maka za a yi, "Estill? Wanda ba ya harbin kurege sai a ka." Mu jikokinsa Papaw muke ce masa. Ni ce mai zama kusa da tsofaffi in ana hira, ni ce kuma hotunan gidanmu suka dawo hannuna bayan rasuwar matarsa, kakarmu Mamaw. Shi ya sa nake son in rubuta abin da ya faru yadda ya faru, don waɗanda suke ba da labarin yanzu wajen dariyar kawai suke riƙewa.

An haife shi a gidan katako can ƙarshen kwarin, cikin 'ya'ya da yawa da abinci kaɗan. Ubansa yakan ba shi harsashi ɗaya na 'yar ashirin da biyu, ƙaramar bindigar nan da harsashinta bai kai ƙaramin yatsa ba, ya ce ya hau dutse ya samo abin miya. In ya dawo haka nan, washegari ƙanensa za a ba. Kurege kuwa ɗan nama ne. Harsashi ya bi ta ciki ko ta cinya, rabin abincin ya tafi. Don haka ya koyi zama a gindin itacen hikori har ƙafarsa ta mutu, yana jiran dabbar ta leƙo da kai.

Kowace shekara a watan Oktoba cocinmu takan yi liyafar kurege. Maza su hau dutse da asuba, su sauko da abin da suka samu da fatarsa, su zube a kan dogon tebur a bayan coci. Ozella Sizemore ce shugabar masu fiɗa. Takan ɗaga kowane kurege ta wutsiya, ta juya shi, ta faɗi sunan mai shi da ƙarfi, kowa ya ga inda harsashin ya shiga. Tun kafin a haifi uwata ba a taɓa ganin rami a jikin kuregen Papaw ba.

Kuma bai iya riƙe bakinsa ba. Mijin Ozella, Hobart, abokinsa ne tun a ramin kwal, shi ne ya fara ɗaura wa bindigarsa madubin hange a kwarinmu. Papaw bai taɓa barinsa ya huta ba. "Hobart, ka ga kuregen kuwa, ko sai an aiko maka da hotonsa?" Ko ya ce, "Tabarau dai ka saya mata, saura sanda." A wajensa namiji da ƙarafun saitin nan biyu na kan bindiga yake harbi, na gaba da na baya, sai idon da Allah ya ba shi.

Shekarar ambaliya ruwa ya tafi da rumfar da yake ajiye kayansa. Da aka tono bindigar daga laka, wadda ya gada daga ubansa, katakon ya tsage, cikin bututun ya yi tsatsa ja. Ya wanke ta ya rataye a bango. A lokacin ya riga ya daina tuƙi, wai motar tana wata ƙara da ba ya so. Ni dai na lura in zai zuba kofi sai ya ɗora yatsa a bakin kofin.

Bayan an gyara daɓen gida, abin da ya rage masa bai kai dala ɗari biyu ba. Wata Asabar a ƙarshen bazara ya ce, "Twila, ɗauko makulli." Na ɗauka shagon jinginar da ke garinmu za mu. Ya ce in wuce. Muka wuce garin Hazard, muka wuce wani garin, sai da muka kai inda ba mai sanin fuskarsa sannan ya ce in tsaya a ƙofar wani shagon jingina.

Mai shagon wata mace ce mai furfura kaɗan. Ta ji kuɗin da ke hannunsa, ta sauko da bindigogi biyu. Ta farko tsohuwa ce, katakonta mai duhu ya sha hannu, kusan irin wadda ruwa ya ci. Papaw ya buɗe ta, ya zura farce yana shafa bakin ramin da harsashi ke shiga. Ya ce mini, "Irin waɗannan a gefen gindin harsashi allurar da ke tayar da shi take sara. In wawa ya riƙa ɗana ta yana saki ba harsashi, allurar sai ta ci ƙarfen nan. Wannan mai ita ya san darajarta." Muryarsa har ta canza. Ya ɗaga ta a kafaɗa, ya auna kan wata barewa da aka kafe a bango don ado. Ya daɗe a haka. Ya matso da kansa gaba, ya ja baya, ya rufe ido ɗaya, ya buɗe. Sannan ya sauke ta a hankali ya ajiye.

Ta biyun sabuwa ce, baƙar roba, mara nauyi kamar kayan wasan yara, da ɗan madubin hange a ɗaure a kanta. Tare ake sayar da su, kuma ta fi tsohuwar araha. Ya ɗauke ta da yatsu kamar wanda aka miƙa wa mushe. Ya kai ido. Na ga bakinsa ya ɗan buɗe.

"Ƙuda ne a kunnen barewar nan?" ya ce.

"Gizo-gizo ne, baba," in ji matar. "Ya daɗe a nan, haya ma ba ya biya."

Kuɗin bai isa a sayi tsohuwar a kuma sa mata madubi ba, ko da ma zai yarda a huda wannan ƙarfen. Ya tsaya tsakanin su biyun, hannunsa a kan ta katakon, idonsa a kan ta robar. Daga ƙarshe ya tura ta robar gabanta ya ce, "Wannan. Ta jikana ce, yaro ne, yanzu zai fara koyo."

Papaw ba shi da jika namiji da bai yi gemu ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

Matar tana naɗe ta ta ce, "Madubin an riga an daidaita shi, sai dai ku gwada a gwangwani. Abu ɗaya kawai za ka gaya wa yaron, waɗannan notunan biyu..."

"Baiwar Allah," ya katse ta, "ina harbi tun ubanki yana rarrafe."

Ta dube shi, ta dube ni, ta miƙa masa kwalin harsashi ba ta ƙara ba.

A mota ya ce, "Ba ki ga komai ba." Na ce ban gani ba. Can kuma, yana kallon waje, ya ce, "Ƙarafun nan biyu sun zama huɗu, Twila. Tun bara."

Da yamma muka je bayan rumbu, na kafa masa murfin gwangwani a jikin kututture. Ya huda shi a tsakiya, ya sake hudawa kusa da na farko. Ya yi dariyar da rabona da jin ta tun Mamaw na da rai. Sannan ya zaro wuƙar aljihu, ya kwance notunan nan biyu da tsininta, ya zare madubin, ya cusa shi cikin tsohuwar safa ya sa a aljihun kwat. Bindigar tana da nata ƙananan ƙarafun saiti, in an cire madubin ba mai cewa an taɓa ɗaura mata wani abu.

Haka ya riƙa yi. Hanyar dutse ta gaban gidajen mutane take bi, har da na Hobart. Sai ya wuce da bindiga tsirara a kafaɗa yana ɗaga wa mutane hannu, in ya shige cikin itatuwa ya zauna ya ɗaura madubin, in zai sauko ya kwance. Mutumin da ya yi shekara sittin yana harbi, bai taɓa riƙe madubi ba balle ya san halinsa, domin duk wanda zai gaya masa ya riga ya kore shi da ba'a. Ni ma ban sani ba.

Ya fara dawowa ba komai. Sannan ya fara dawowa da abin da yake binnewa a bayan lambu kafin ya shigo gida. Wata rana azahar ta yi bai sauko ba, na bi shi. Na same shi zaune a gindin wani itace mai kogo, bindigar a cinya. Daga cikin kogon ana jin wani ɗan kuka siriri.

"A kai na sa masa," ya ce. "Ina ganin gashin bakinsa. Ya faɗo yana jan ƙafafun baya, ya shige nan." Ya miƙo hannayensa yana dubawa. "Ido ya tafi, na saya masa gilashi. Hannu fa, a wane shago ake sayar da shi?"

Gwaggo Reva, babbar 'yarsa, ta gane akwai abin da ke faruwa, ko da yake ba ta san da madubin ba. Ana gobe liyafa ta ce, "Daddy, sai in ce musu ƙirjinka ne ya tashi. Wa zai musa? Kowa ya san ƙurar kwal."

"Ban taɓa fashi ba," ya ce.

"To ka kawo su nan in feɗe, in kai a yanke."

"Da fata ake kaiwa, Reva. Ke ma kin sani."

Ya sauko da biyu. Ya ajiye su a ƙarshen tebur ya koma gefe ya tsaya. Ozella tana ta ɗagawa tana kiran sunaye, ana tsokanar juna. Da ta zo kan nasa ta ɗaga na farko, ta juya shi. Cikin ya fashe. Ta buɗe baki za ta kira suna, ta fasa. Ta ɗaga na biyu, cinyoyin sun dagargaje. Ta sunkuya ta sa su duka a bokitin da ke ƙarƙashin tebur, wanda ake tara wa karnuka, ta ci gaba da na wani. Da ta kira sunan an yi dariya, da ya fi sauƙi.

Hobart ne ya matso. A wajenmu sabuwar bindiga dole ta zaga hannun maza, ba a hanawa. "Mu ga 'yar robar taka," ya ce. Ya karɓa, ya buɗe ya tabbatar ba komai a ciki, ya juya ta. Ya bi saman ƙarfen da babban yatsa, inda baƙin fentin ya goge ya bar zane fari fat, sabo a kan tsoho.

"Estill," ya ce, "ina madubin?"

Na ɗauka Papaw zai ce yana wajen jikansa. Ya tsaya kamar an dasa shi, kunnuwansa sun yi ja. Sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da safar.

"Cirewa kake yi?"

"In zan sauko."

"Kullum?"

"Kullum."

Hobart ya fara dariya, dariyar ta koma tari, sai da ya dafa tebur. "Kai, tsohon banza. Ai duk cirewa ɗaya sai saitin ya gudu. Kana auna kai, ita tana auna inda ta ga dama. Yaron da ya fara harbi jiya ya san wannan. Da ka tsaya a ƙofata sau ɗaya..." Ya juya ga sauran yana ɗaga safar. "Ku zo ku ga tabarau da rigar sanyi."

Aka yi dariya, har da waɗanda suke ƙoƙarin dannewa. Ban ga laifinsu ba, da yawansu ya sha yi musu. Ni dai fuskata zafi take kamar na leƙa tukunya.

Papaw bai ce a daina ba. Ya jira ta lafa, ya ce, "Wato ba hannuna ba ne."

"Hannunka ƙalau. Kanka ne dai."

Na zaci zai ji sanyi. Sai na ga yana kallon bokitin. A hanyar gida ya ce mini da hannun ne, da ya ce tsufa ne, tsufa kuwa ba a jin kunyarsa. Amma dabbobin nan da ya bari suna mutuwa a kogo, ba don yunwa ba ne, don kada Hobart ya gan shi ne.

A makon Hobart ya zo da kansa, ya ɗaura madubin, suka daidaita shi a bayan rumbu suna zagin juna, ya ɗiga jan farcen Ozella a kan notunan don in an taɓa a gane. Papaw bai sake taɓawa ba. Yana wucewa ta gaban gidaje da madubin a sarari, kansa a ƙasa.

Da shekara ta zagayo ya kawo uku, duka a ka. Ozella ta ɗaga, ta kira sunansa da ƙarfi kamar da. Wasu suka gyaɗa kai, aka wuce na gaba. Na Hobart ma a ka suke, haka na wani yaro ɗan gidan Combs da bai kai shekara ashirin ba. Aka zuba masa romo da dunƙulen fulawa, ya karɓi kwanon ya tafi motata ya ci a can, ƙofa a rufe. Da aka fara haɗa kujeru don waƙoƙi ya leƙo ya yafito ni, ya ce in kai shi gida.