Giwar da Ke Cikin Akwatin Ƙarfe

Ko da zan manta komai na zamanmu a kwatas ɗin reluwe a Kafanchan, wajen 1975, ba zan manta da wata Asabar ta damina ba.

A zumuntar mata ta coci muka koyi ɗinka wa yara dabbobin tsumma, mu cusa musu audugar rimi. Na yi wa 'yata mai shekara uku giwa da zomo da kare. To ni fa a lokacin tsabta ta yi mini yawa, har ta zama ciwo. Sai na jera su a akwatin ƙarfe na aurena, ba a fito da su sai Lahadi. Kullum yarinyar nan tana shafa akwatin tana cewa, "Mama, giwa tana kuka." Ni kuwa in ce ta yi ta yi.

Ran nan na buɗe akwatin ya sha iska, sai hadari ya taso, na fita kwashe shanya. Da na dawo na tarar da shi a rufe, ban kawo komai a raina ba. Buhun cittar da surukata ta aiko daga Kachia na ɗauka na ɗora a kai, don kada damshin ƙasa ya taɓa shi. Da hannuna!

Na kira yarinya, shiru. Na leƙa bayan gida, na leƙa rijiya. Can jirgi ya yi kuka. Na kwasa a guje zuwa layin dogo cikin ruwa, ba ɗankwali, ina ihu. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta kamo ni.

"'Yata, tsaya! Ba wanda ya ga fitarta. Me ta fi so a gidan?"

Nan take na juya gida. Ina shiga ɗaki na hangi hancin giwa ya leƙo ta bakin akwati. Ni da nake jera su kamar sojoji, yaushe zan bar hanci a waje? Wayyo Yesu! Ban san yadda na ture buhun nan ba.

Na ɗaga marfin, ga yarinyar ciki a ƙudundune, ta jiƙe sharkaf da zufa, idonta a rufe. Na girgiza ta, na girgiza, sai ta ja numfashi ta fashe da kuka. Dattijuwar ta duba marfin ta ce, "Hancin nan ne ya hana shi rufuwa ruf. Ta nan take shan iska."

Da ta dawo hayyacinta, abin da ta fara faɗa shi ne, "Mama, kar ki doke ni, ban ɓata giwa ba."

Wannan maganar ta fi komai ƙona ni. A ranar na juye dabbobin a kwando marar marfi a tsakar ɗaki. Na koyi cewa abin da ka ɓoye wa yaro, zai bi shi har inda ka ɓoye shi. Giwar ta yi dauɗa, ta yage, ban ƙara cewa uffan ba.