Gidan Bakin Kwalbati

Da rani muka dawo daga Ingila, ni da maigidana da 'yarmu guda ɗaya tilo, tana shekara tara. Aikin jinya na yi a can, kuma da don ta ni ce da ban tattaro kayana a lokacin ba. Yarinyar ce ta dawo da mu. Wata rana mahaifiyata ta kira daga Kaduna ta ce a ba ta jikarta. Tsohuwa na ta zuba mata wasa, yarinya ta riƙe waya tana kallona, tana jira in fassara mata. Hausar tana ji sama-sama, amma ba ta iya mayarwa. Da na karɓi wayar sai tsohuwa ta ce, "To, sannu. Kin haifa wa Turawa." Da dariya ta faɗa, amma maganar ta tsaya mini a rai har sai da muka sayi tikitin jirgi.

Saboda haka da muka sauka a gidan yayana muka fara neman wurin zama, ni ba ginin ne ya dame ni ba. Unguwa nake nema, inda yarinya za ta leƙa ƙofar gida ta tarar da tsararrakinta, ta shiga cikinsu har bakinta ya buɗe. Maigida ya fara sabon aiki, ba shi da lokaci, ya ce duk inda na zaɓa ya yi masa. Sai ya zama ni da Yaya da wani dillali mai yawan surutu muke zagaya gari a motar Yaya.

Dillalin da ya ji daga inda muka fito, sai ya fara da Unguwar Sarki. Gidaje ne na gani na faɗa, katanga doguwa, waya mai ƙaya a samanta, maigadi a ƙofa. Na ce a dawo da ni bayan la'asar. Muka dawo, na tsaya a bakin titi ina dube-dube, ko yaro ɗaya ban gani ba, sai motoci masu baƙin gilashi suna shiga ana rufe ƙofa. Na ce wa Yaya ai wannan shirun shi na baro a can. Muka je Rigasa wajen gwaggonmu, wadda ta rantse akwai gida kusa da ita. Yara kam masha Allah, har sai ka nemi inda za ka taka, amma maigida ya auna nisan da cunkoson hanya ya ce a rufa masa asiri.

Daga nan dillali ya gane ni. Ya ce, "Hajiya, yanzu na fahimta. Ke mutane kike so." Ya kai mu wani layi da ba shi da nisa da Unguwar Kanawa. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau a nan nake kwana.

Layin gangare ne, da itatuwan darbejiya jefi-jefi. Da tela a shagonsa, da kafinta yana goge katako, da mai awara ta kafa kasko. 'Yan mata sun taso daga Islamiyya, sun zana ƙasa suna 'yar gala-gala, hijabansu na tashi. Ina ganinsu na ji zuciyata ta kwanta. Gidan da ake ba da haya shi ne na ƙarshe a ƙasan gangaren, daidai inda kwatar layin ke shigewa ƙarƙashin titi ta cikin kwalbati. Kwata ce babba ta siminti, a bushe ƙayau, kamar an share ta don zuwanmu. Dillali ya buga ƙafa a gefenta ya ce, "Dubi kwata, Hajiya. Nan ruwa ba ya kwana."

Yaya ya ja ni gefe. "Ke, ki bari damina ta faɗi tukuna ki ga inda ruwa ke bi. Ki zauna a wurina, gidan ai ya ishe mu."

Na ce, "Yaya, makaranta za a koma. Yarinyar nan sai yaushe za ta san inda take?"

Ya tambayi dillali me ya tayar da wanda ya zauna a gidan kafin mu. Dillali ya ce canjin wurin aiki aka yi masa. Yaya ya daɗe yana kallon kwalbatin, sannan ya ce Allah ya sa alheri, ya buɗe mota.

Dole in faɗi gaskiyar maƙwabtana, domin ita ce ta fi ƙona mini rai daga baya. Mutanen kirki ne. Ranar da muka tare, wata dattijuwa da ke can saman layi, matar wani mai sayar da atamfa a kasuwa, ta aiko mana da dambu cike da kwano. Washegari ta zo da kanta tare da jikokinta mata biyu, sa'annin 'yata. Da na je mayar da ziyara sai da na ji kunyar taka tsakar gidanta. Ko'ina a goge, takalma a jere, turaren wuta na tashi. Tun ranar take kirana Maman Baturiya, don sunan da yaran layi suka laƙaba wa yarinyar ke nan.

Ita kuwa yarinyar ta tsani sunan. Kullum da yamma sai na tura ta waje. Takan tsaya jikin ƙofa tana kallon masu wasa. In sun yi mata magana ta amsa da Turanci, su fashe da dariya suna kwaikwayonta ta hanci, sai ta dawo ciki ta kwanta. Ta taɓa tambayata yaushe za mu koma gida. Na ce ai nan ne gida. Ta juya mini baya.

Ruwan farko da yamma ya zo. Gari ya yi duhu, iska ta taso, na fita kwashe shanya. Sai na ji hayaniya a layi kamar ana biki, na leƙa. Ƙofofi duk a buɗe. Yara na fitowa da gudu, wannan da bokiti, wancan da buhu, wasu biyu-biyu suna jan kwali. Da na ce ruwa za su tara. Ashe shara ce, wadda kowane gida ya daɗe yana tarawa yana jiran wannan ranar. Suna isa bakin kwata su juye, su koma su ɗebo wata, iyaye mata na tsaye daga bakin zaure suna cewa a yi sauri kar ruwa ya wuce.

Ruwa ya kece, ya kwaso komai ya nufo ni. Na ga ledoji, da ruɓaɓɓen tuwo, da gashin kaji da hanjinsu, da famfas ɗin jarirai sun kumbura sun yi suntum. Har da mushen akuya. Can sai launin ruwan ya sauya, wari ya bugo ni, na gane wani gida ya buɗe bututun sokawe na masai ya sako abin da ke ciki. Duk suka zo bakin kwalbati suka cushe. Ruwan ya rasa hanya, ya hau, ya biyo ƙarƙashin ƙofarmu ya malale tsakar gida har bakin kicin.

Na yi shekaru ina aikin asibiti, babu irin ƙazantar jikin ɗan Adam da ban wanke da hannuna ba, kuma ban taɓa yin amai a bakin aiki ba. Ranar sai da na yi. Marar lafiya ba da gangan yake yi ba. Wannan kuwa masu lafiya ne, masu wanka da turare, suka zauna suka tara suka aiko mini.

Da safe na saka mayafi na hau gangare wajen dattijuwar. Ta tare ni da fara'a, ta sa aka kawo mini kunu. Na gaya mata abin da ya faru.

Ta ce, "Ayya, Maman Baturiya, sannu. Wallahi haka wancan da ya tashi daga gidan ma ya yi ta fama. Kwalbatin ne ƙarami, gwamnati ta ƙi gyarawa."

Na ce, "Hajiya, ba kwalbati ba ne. Sharar da ake zubawa ce."

Ta dube ni da mamaki na gaske. "To ina za a kai ta? Ai ruwa ne ke tafiya da ita."

"Ya tafi da ita ina, Hajiya?"

"Kogi mana, 'yar nan."

"Ai ba ta kai kogi. A tsakar gidana take sauka."

Ta tafa hannu ta yi salati, ta ce Allah ya kyauta. Da rana ta aiko jikokinta da tsintsiya da turaren wuta. Na karɓa na yi godiya, raina na tafasa.

Maigida ya kai magana masallaci. Liman ya yi wa'azi mai kyau a kan tsafta da haƙƙin maƙwabci, aka ce kowa ya gyaɗa kai, wasu har da cewa wallahi abin ba daɗi. Da hadari na gaba ya haɗu, gidan da ya fara fito da buhu yana jikin masallacin ne. Ni kuma na samo wani mai baro yana kwashe mana tamu sharar, ina ta alfahari da kaina, har ranar da na tsinci kwalin maganin da ni na yar a bakin kwalbatina. Ashe zagayawa yake ta bayan layi ya juye a saman kwatar. Yaya da ya ji, sai kawai ya aiko mini da manjagara da shebur da dogon takalmin roba. Na fi son ya zage ni.

Haka na koma mai gadin kwalbati. Ana ɗauke ruwa in saka takalmi da safar hannu in fita in yi ta jan ƙazanta ina tarawa gefe. Masu wucewa su ce, "Sannu da aiki, Hajiya. Allah ya ba da lada." A cikinsu har da waɗanda nake gane ledar gidansu. Na ce wa maigida da zarar haya ta ƙare za mu tashi, ko da cikin katangun nan masu waya ne. Ya ce to.

Amma a cikin damanar nan wani abu ya fara sauyawa. Tun ranar da jikokin dattijuwar suka kawo tsintsiya suka ga 'yar tsanar 'yata, suka fara shigowa. Daga baya ita ta fara bin su. Na daina tura ta waje, sai ma in aika a kira ta da magariba. Nakan jiyo ta daga ɗaki tana jefa kalma ɗaya ko biyu, su gyara mata, ta sake. A gida dai Turanci take yi mini, ko na yi mata Hausa. Ban matsa ba, addu'a kawai nake yi.

Wata yamma cikin watan marka ina yankan kuɓewa, hadari ya haɗo. Sai ga ta ta banko ƙofa a guje, ɗankwali a hannu, tana haki.

"Umma! Umma, ina shararmu? Yi sauri don Allah, ruwa zai sauko!"

Wuƙar ta tsaya a hannuna. Hausa ce tsantsa, da irin karin yaran layin, ba tuntuɓe ko ɗaya. Abin da ya sa na bar aikina na tsallako teku ke nan. Na so in rungume ta, na so in kira mahaifiyata in sa mata wayar a kunne. Amma abin da take nema da wannan bakin shi ne in ba ta shara ta zuba a kwata.

Na ce, "Ba ma zubawa a kwata. Kin sani."

"Umma, kowa ya kawo tasa. Ni kaɗai ce ba ni da ita."

Na ce a'a. Ta kalle ni, ta kalli ƙofa inda ƙawayenta ke ƙwala mata kira, ta juya ta fita. Na bi ta zuwa zaure. Ina tsaye na ga ta kama hannu ɗaya na wani babban baho, jikar dattijuwar ta kama ɗayan, suka ja shi har bakin kwata suka kife. Suka yi tsalle suna ihu, ruwa na dukansu. Tun da muka dawo ban ga tana dariya haka ba.

Da aka ɗauke ruwa na saka takalmina na fita. Kwalbati ya toshe kamar kullum. Ina cikin jan wani famfas da manjagara sai ga ta ta gangaro, jiƙe sharkaf, fuskarta na sheƙi.

"Umma, sun ce yanzu ni ba Baturiya ba ce."

Na miƙa mata manjagarar na ce, "Zo ki kwashe abin da kika zuba."

Ta kalli manjagarar, sannan ta waiga saman layi. Ƙawayenta na tsaye a ƙofar gidan kakarsu suna kallonmu. Ta matso kusa da ni, ta yi ƙasa da murya, ta roƙe ni kar in sa ta a gabansu. Da Turanci ta yi roƙon.

Na janye hannuna. Na ce mata da Hausa ta je ta sauya kaya kar mura ta kama ta, in ta gama ta koma wajen ƙawayenta. Ta ruga ciki, ni kuma na sunkuya na ci gaba da kwasa. Da hayar ta ƙare maigida ya tuna mini maganar tashi, na ce masa ya je ya sabunta.