Ƙamusun Malam Kamilu da Ƙosan Kulu

Shekarar da masaƙar Kano ta sallami ma'aikatanta, kowa ya dawo ƙauye da abin da zai amfane shi. Wani ya dawo da keken hawa, wani da keken ɗinki. Malam Kamilu kuwa, da yake Allah ya yi shi da hangen nesa, sai ya sauka daga motar Bici da ƙamusun Turanci mai kaurin bulo a hammata, da allon wani wasan haɗa kalmomi wai shi Sikirabul. Ni taubashinsa ne, ina da ikon faɗin gaskiya a kansa, kuma zan faɗa.

Wasan ba wani abu ba ne. 'Yan katakai ne ƙanana, kowanne da harafi a jikinsa. Ka jera su su tayar da kalmar Turanci, a ba ka maki. In abokin karawarka ya ce babu wannan kalmar, sai a buɗe ƙamus a raba gardama. To duk faɗin garinmu ƙamus ɗaya ne, na Kamilu. Shi ke nan, mutumin da ko ɗan akuya bai mallaka ba ya zama alƙali. Kullum bayan la'asar malaman firamare, waɗanda albashi ya daina ziyarta, sukan taru a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Babbansu hedimasta ne, Malam Basiru, mai gardamar tsiya, amma da Kamilu ya ɗora yatsa a kan shafi sai ya yi laƙwas.

Kamilu ya san yadda Bature ke kiran iskar teku, ya san sunan kuɗin ƙasashen da ko a rediyo ba mu taɓa jin su ba. Ciyawar da ta cinye masa gona ce kawai bai san sunanta ba, don ba su cika haɗuwa ba.

Sai ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, ɓerayen ma suka yi ƙaura. Matarsa Kulu ta dubi yara, ta dubi maigidan da ke neman kalma mai harafi bakwai, ta samo wake wajen yayanta ta kama suyar ƙosai. Cinikin ya karɓe ta, sai dai babu takardar ƙunshi. Masu sayen jarida sun daina saye, ganye kuwa awaki sun riga mu.

Wata rana Malam Basiru ya zo wajen wasa da ƙunshin ƙosai, ya kwance shi a kan allon. Kamilu ya ƙura wa takardar ido, ga maiƙo ya jiƙa ta, ga ƙananan rubutu layi biyu. Ya juya ƙamusunsa ta baya, ya tarar harafin Z ya yi tafiya. Ya miƙe ya shiga gida. Ni ma na bi shi, don irin wannan kallon ba ya wuce taubashi.

"Kulu, me ya sami bayan littafin nan?"

Ba ta ko ɗago daga kaskon ba. Ta ce, "Ai daga baya na fara, Malam. Na ga kamar ba ka kai can ba tukuna."

"Can ne kalmomi masu tsada suke."

"To madalla. Ka kai su kasuwa ka auno mana dawa."

Na zaci zai ɗaga murya. Sai ya juya ya ga yaransa zaune a bakin murhu, suna jiran ɓurɓushin ƙosan da ke saura a mataci. Daga nan ya ce abu ɗaya yake roƙo, kada ta ƙara yagar shafi sai ta sanar da shi.

Tun daga ranar Kamilu ya koma irin karatun da muka yi muna yara, ka haddace sannan a wanke allo. Da hantsi zai zauna a zaure da shafukan da ke kan layi, yana rangaji yana nanata kalma da ma'anarta. Tsofaffi masu wucewa suka riƙa sa masa albarka, wai Kamilu ya shiryu, har sai da suka matso suka ji da harshen da ake shiryuwar. In ya gama sai ya yage shafin da hannunsa, ya shafe shi a gwiwa, ya miƙa ciki. Daga baya ma shi ya karɓi sayarwar. Duk wanda ya zo sayen ƙosai sai an karanta masa kalma ɗaya kafin a ƙunsa masa, ko yana so ko ba ya so. Na yi masa dariya har na gaji, amma wallahi duk lokacin da na ji ƙarar yagar nan sai tausayinsa ya kama ni. Littafin nan ne kaɗai shaidar cewa ya taɓa zama wani a birni.

Kafin sabon gero ya shigo gida, sai bangon ƙamusun kawai ya rage.

Aka ci gaba da wasa. Ran nan Kamilu ya jera haruffa huɗu a gurbi mai maki da yawa: zebu. Ya ce sunan da Bature ke kiran saniya mai tozo ke nan, irin tamu.

Malam Basiru ya gyara hula. Dama ya daɗe yana jiran wannan ranar. Ya ce, "Ban yarda ba. A buɗe littafi."

Kamilu ya ce, "Malam Basiru, ai kai ka ci ƙosan da aka ƙunsa a shafin."

"Ni ƙosai na ci, ban ci shaida ba. Ka'ida ita ce ka'ida. Hadda a makarantar allo take aiki, nan sai an gani a rubuce. Ina ƙamusun?"

Sauran malaman suka sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci har na fara naɗe hannun riga, Kamilu ya dafa ni. Ya kwashe haruffansa ɗaya bayan ɗaya ya mayar gabansa. Sannan ya nuna ƙofar gida da haɓa, inda yaransa ke tsere da garen tsohuwar taya, suna ihu, ƙafafu fururu.

Ya ce, "Ga shi can yana guje-guje. In ka iya kamo shi, ka buɗe."